Ɗaga dunduniya a wajen jifa laifi ne, ko alƙalanmu ne ke ƙara wa doka abin da ba ta ce ba?

Kocin Yara, Jega:

Assalamu alaikum 'yan uwa na wannan zaure. Ina roƙon manyanmu da suka taɓa riƙe usur su warware mini wata matsala da ta hana ni sakat tun ranar Asabar. Ina horar da yara 'yan ƙasa da shekara 15 ƙwallon ƙafa a nan Jega, kuma a ranar mun buga wasan sada zumunci a filin wata makaranta. Yaron da ke tsaron baya ta hagu shi ne mai yi mana jifa idan ƙwallo ta fita ta layin gefe a ɓangarensa, kuma sau uku alƙalin wasa yana busa masa usur yana miƙa ƙwallon ga abokan karawarmu.

Ina tsaye bai fi taku biyar daga wurin ba, saboda haka abin da zan faɗa da idona na gan shi. Yaron ya goge ƙwallon da gaban rigarsa, ya kai ta bayan ƙeyarsa da hannu biyu, ya sa ƙafar hagu a gaba a kan layi, ta dama a baya. Lokacin da ya saki ƙwallon, dunduniyar ƙafarsa ta baya ta tashi, amma yatsunsa suna ƙasa, har sai da suka ja wani ɗan zane a cikin ƙura. Alƙalin ya busa, ya nuna da tafin hannunsa cewa ƙafa ta tashi. Bayan na ukun yaron bai sake yarda ya ɗauki ƙwallon ba, sai ya riƙa barin ta a ƙasa yana yafito abokinsa, kuma wannan ne ya fi yi mini ciwo fiye da wasan da muka rasa.

Da dare na shiga gidan kallo, na ga manyan 'yan wasan Ingila suna tafiya da ƙwallo a hannu taku bakwai ko takwas gaba da inda ta fita, sannan su jefa a kan yatsunsu, babu wanda ya ce musu uffan. Shin dokar tasu daban ce da tamu, ko fassarar ce ta bambanta?

Ɗan Kallo, Bunza:

Wa alaikumus salam Koci. Mu dai tun muna yara abin da aka koya mana shi ne ƙafa biyu su zauna daram a ƙasa, kada ƙwallon ta juya a iska, kuma kada ka taka layi. Idan ka saɓa ɗaya daga cikin ukun nan, jifa ya koma hannun abokan hamayya. A ganina alƙalin bai zalunce ku ba, abin da kowa ya sani ne ya yi aiki da shi.

Tsohon Alƙalin Wasa, Birnin Kebbi:

Koci, sannu da ƙoƙari, Allah ya saka da alheri a kan yaran nan da kake riƙe da su. Ban kasance a filin ba, kuma ba zan yanke wa abokin aiki hukunci a bayan idonsa ba, amma idan abin ya faru yadda ka bayyana, jifan yaronka daidai yake.

Doka ɗaya ce a duniya duka. Hukumar IFAB, wadda aka kafa a 1886, ita ce ke rubuta dokokin ƙwallon ƙafa, kuma littafin da ake aiki da shi a Wembley shi ne ake aiki da shi a filin Haliru Abdu da ke nan Birnin Kebbi. Jifa shi ne doka ta 15 a cikin dokoki 17, kuma yana cikin mafi gajarta. Abin da take nema ga mai jifa a daidai lokacin da ƙwallon ke barin hannunsa shi ne ya kasance a tsaye yana fuskantar fili, wani sashe na kowace ƙafarsa yana kan layin gefe ko a ƙasa a wajen layin, sannan ya jefa da hannu biyu daga bayan kai ta saman kai, daga wurin da ƙwallon ta fita.

Ku lura da kalmar nan, wani sashe na ƙafa. Yatsa sashe ne na ƙafa. Dokar ba ta ambaci dunduniya ba ko kaɗan, kuma duk wanda ya taɓa jifa da ƙarfi ya san jiki ba ya bari dunduniyar baya ta zauna a ƙasa. Laifin yana nan ne idan ƙafar ta rabu da ƙasa gaba ɗaya kafin a saki ƙwallon. Idan ta tashi bayan an saki, babu komai, domin dokar ta ɗaure hukuncin ne da lokacin sakin, abin da ya biyo baya kuma ba ruwan alƙali da shi.

Ƙanena na Bunza, abubuwa ukun da ka lissafa duka ba su cikin littafi yadda ka faɗe su. Taka layi halal ne, har ma mutum yana iya sa duga-dugansa a kan layi, yatsunsa suna cikin fili, jifan ya yi. Inda zai shiga matsala shi ne idan a wannan tsayuwar ya ɗaga duga-dugan, domin a lokacin abin da ya rage masa a ƙasa yana cikin fili ne kawai. Wannan shi ne wuri ɗaya tilo da ɗaga dunduniya ke zama laifi, kuma ina kyautata zaton daga nan ne maganar ta samo asali, aka yi ta faɗa wa yara ba tare da bayani ba har ta zama kamar doka. Juyawar ƙwallo a iska kuwa babu inda aka rubuta ta. Kowane mutum yana da hannun da ya fi ƙarfi, ƙwallo za ta juya. Abin da ake dubawa shi ne ko hannu biyun suka jefa ta da gaske, ko kuwa ɗaya ya jefa ɗayan yana rakiya kawai.

Malamin Motsa Jiki, Argungu:

Baba, mun gode da wannan ilimi, kuma ba ni da ja a kan abin da littafi ya ce. Sai dai ina so in kare alƙalan ƙananan wasanni ta wata fuska, domin na shekara da shekaru ina koyar da yara a makarantar sakandare, kuma na san abin da sassauci ke haifarwa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaron da aka ƙyale yana ɗaga dunduniya yau, gobe ƙafar duka zai ɗaga, jibi ya yi tsalle, sannan a kai shi gasar jiha a busa masa a minti na ƙarshe a gaban jama'a. Ni na fi son a tsananta masa a filin makaranta, inda kuskure ba ya cin komai, ya tashi da jifa mai tsabta wanda babu alƙalin da zai yi shakkarsa. Alƙalin da ya busa wa yaron Koci wataƙila tarbiyya ce a ransa, kuma ban ga ya kamata mu ɗauke shi kamar wanda bai san aikinsa ba.

Kocin Yara, Jega:

Malam, na fahimci manufarka, amma tarbiyyar nan aikina ne da naka, a ranakun atisaye. Ni ma ina sa su jifa ashirin ashirin ƙafa a manne da ƙasa domin jiki ya saba. Ranar wasa kuwa alƙali ya zo ne ya yi hukunci da doka, kuma idan ya hukunta yaro a kan abin da doka ta halatta, abin da yaron zai koya shi ne tsoro. Ka tuna na ce maka ya daina taɓa ƙwallon. Wace tarbiyya ce ke sa yaro gudun aikinsa?

Mai Tuta, Yauri:

Ina gaida Baba da sauran manya. Ni har yanzu ina kan aiki, mafi yawanci a matsayin mataimakin alƙali, kuma ina so 'yan zaure su san halin da muke tsayawa a ciki kafin a ɗora mana laifi duka.

A littafi, faɗin layi ba ya wuce santimita 12, kuma layin yana cikin fili, ma'ana ƙwallo ba ta fita ba sai dukkanta ta tsallake shi, a ƙasa ko a sama. To a yawancin filayen da nake aiki, layin toka ce ko farar ƙasa da aka barbaɗa da gwangwani da safe. Kafin a tafi hutun rabin lokaci ƙafafu sun share shi, idan lokacin hunturu ne iska ta ƙarasa sauran. 'Yan kallo suna tsaye a kan layin kansa, wani ma da babur ɗinsa, sai na riƙa ture mutane da sandar tuta kafin in sami hanyar gudu. Mai jifa ba shi da wurin ja da baya, yana jefawa ne daga tsakiyar mutane, wani na riƙe masa riga, wani na yi masa ihu a kunne. A cikin wannan yanayi ake so in gane ko yatsan ƙafar baya yana ƙasa a cikin ƙiftawar ido ɗaya.

Kafin wasa alƙalin tsakiya kan raba mana aiki, ya ce ni in duba ƙafa, shi ya duba hannu. Wannan yana tafiya daidai idan jifan yana kusa da ni. Amma kowane mai tuta rabin layi ɗaya yake bi, don haka idan jifan yana ɗaya rabin, ina iya kasancewa mita 40 daga wurin, alƙalin tsakiya ne zai duba ƙafa da hannu da kuma masu ture-ture a cikin fili, duk a lokaci guda. A ƙananan wasanni irin na Koci ma sau da yawa babu masu tuta, sai a ba wani yaro reshen dogonyaro ya tsaya. Abin da ke faruwa shi ne ido yana ganin motsi, dunduniya ta yi sama, 'yan kallo sun yi ihu gaba ɗaya, hannu ya kai usur baki kafin tunani ya iso. Ban ce daidai ne ba, ina dai bayyana yadda abin ke faruwa. Ƙa'idar da na ɗora wa kaina yanzu ita ce, idan ban ga haske tsakanin takalmi da ƙasa ba alhali ƙwallon tana hannu, tutata ba ta tashi.

Tsohon Alƙalin Wasa, Birnin Kebbi:

Ƙa'idarka mai kyau ce ɗana, ka riƙe ta. Abin da ba ka tabbatar ba kada ka hukunta shi.

Ina so in koma rabin tambayar Koci da ba a taɓa ba, domin a nan ne ni nake da ƙorafi, kuma ƙorafin nawa ya fi karkata ga manyan alƙalan da muke gani a talabijin. Satar taku laifi ne da ke rubuce ƙarara. Doka ta ce a jefa daga inda ƙwallon ta fita, kuma ta ce jifan da ba a yi shi daidai ba yana komawa ga ɗaya ƙungiyar. Wanda ya ci mita takwas da ƙwallo a hannu ya sami riba ta gaske, domin ya mayar da jifan tsakiyar fili ya zama na kusa da gidan abokan hamayya. Wanda ya ɗaga dunduniya kuwa me ya samu? Mun juya abin ne, muna kama wanda jifansa bai yi kyan gani ba, muna sakin wanda ya ci riba.

Dalilin da ke sa manyan alƙalai kawar da kai sananne ne. Jifa hanya ce ta mayar da ƙwallo cikin wasa, a wasa ɗaya ana yin sa sau da dama fiye da kowane irin tashi, kuma doka ta 5 ta ba alƙali damar yin hukunci da fahimtarsa bisa dokoki da kuma ruhin wasa. Ana koya mana kada mu kashe wasa da usur a kan abin da bai cutar da kowa ba. Na yarda da wannan a kan taku ɗaya ko biyu a tsakiyar fili, domin babu wanda ke auna wurin da awo. Amma ruhin wasa bai ce a bar ɗan wasa ya zaɓi inda yake so ba. Aikin gwani shi ne rigakafi. Da zarar ka ga ya fara tafiya, ka yi ɗan gajeren usur, ka nuna masa wurin da hannu, ya koma. Idan ka nuna masa ya ƙi, ya sake matsawa ya jefa, ka ba ɗaya ɓangaren. Ka yi wannan sau ɗaya a minti goma na farko, ba za ka sake buƙatarsa ba har a tashi. Alƙalin da ya yi shiru minti 80 sannan ya kama mutum a minti na 85 shi ne ke jawo wa kansa rigima, kuma 'yan wasa suna da gaskiya idan suka tambaye shi inda yake tun ɗazu.

Magoyin Arsenal, Kalgo:

Baba, Allah ya ƙara lafiya. Maganar riba da ka yi ta tuna mini da Rory Delap na Stoke City, wanda ya nuna wa duniya cewa jifa ba ƙaramin abu ba ne. A watan Nuwamba na 2008 sun ci mu 2 da 1, kuma ƙwallayen biyu duka daga jifansa suka fito, ta biyun ma ɗan Najeriya ne ya ci, Seyi Olofinjana. Yana ɗaukar tawul ya goge ƙwallon, ya ja da baya har jikin allunan talla, ya sheƙo da gudu, ƙwallon ta tafi a miƙe kamar an harba kibiya. A lokacin mun yi ta cewa lallai akwai laifi a ciki, amma da aka yi ta maimaita hoton, ƙafarsa ta baya tana jan ƙasa, hannu biyu ne, daga bayan kai. Har mai tsaron gidan Hull City ya taɓa zaɓar ya fitar da ƙwallo kwana da gangan maimakon ya ba su jifa. Daga baya, a 2018, Liverpool ta ɗauki koci na musamman domin jifa kawai, Thomas Gronnemark ɗan ƙasar Denmark.

Tambayata biyu ce. Me ya sa babu satar gida a jifa, tunda yana iya zama haɗari haka? Sannan idan aka yi jifa marar kyau aka ci ƙwallo da shi, VAR, wato alƙalancin duba bidiyo, na iya soke ta?

Mai Tuta, Yauri:

Bari in ɗauke wa Baba wannan. Rashin satar gida a jifa tsohuwar doka ce, tun 1920 take, kuma yanzu tana cikin doka ta 11 tare da bugun gola da bugun kwana. Wanda ya karɓi ƙwallo kai tsaye daga jifa ba ya satar gida ko da shi kaɗai ne a gaban gola. Amma da zarar wani abokin wasansa ya taɓa ta, ko da gogar kai ce, lissafi ya dawo sabo. A nan ne mu masu tuta ke shan wahala da dogon jifa, domin dole ka lura da inda kowa yake a daidai lokacin da kai na farko ya taɓa ƙwallon.

VAR kuwa ba ta duba yadda aka yi jifa, kuma ba ta gyara wanda aka ba jifan idan an yi kuskure. Da zarar wasa ya ci gaba, hukuncin ya zauna. Abin da take iya dubawa shi ne ko ƙwallon ta fita daga fili a cikin harin da ya kai ga cin ƙwallo. Ku tuna wasan Japan da Sifaniya a gasar cin kofin duniya ta 2022, inda kowa ya rantse ƙwallon ta fita kafin Mitoma na Japan ya dawo da ita. Ƙasan ƙwallon ya wuce layi, amma cikinta yana rataye a saman layin, aka ba da ci. Wancan layin ƙarshen fili ne, amma hukuncin ɗaya ne da na layin gefe. Sau da yawa ana zagina a kan wannan, mutum yana ganin ƙasa tsakanin ƙwallo da layi daga inda yake tsaye, ni kuma da nake kan layin ina ganin gefenta bai gama fita ba.

Akwai kuma abin da ya kamata kowane gola ya sani. Ba a cin ƙwallo kai tsaye da jifa. Idan ta shiga ragar abokan hamayya ba wanda ya taɓa, bugun gola ne. Idan ta shiga ragar mai jifan, kwana ce. A 2002, a wasan Birmingham da Aston Villa, Mellberg na Aston Villa ya jefa wa golansa Enckelman ƙwallo, ta bi ta ƙarƙashin ƙafarsa ta shiga raga, alƙali ya yanke cewa ya taɓa ta, aka ba da ci. Da bai taɓa ba, kwana ce kawai. Sannan gola ba ya kama jifan ɗan ƙungiyarsa da hannu, idan ya kama a cikin gidansa bugun tazara ne irin wanda sai wani ya taɓa kafin a ci.

Malamar Wasanni, Zuru:

Assalamu alaikum iyaye da 'yan uwa. Na daɗe ina karantawa ban sa baki ba, amma abin ya shafe ni. Ina kula da ƙungiyar 'yan mata a makarantarmu, kuma matsalarmu ba ta ƙafa ba ce. Yawancinsu ba su da ƙarfin dogon jifa, don haka na koya musu su jefa wa ta kusa, taku uku ko huɗu, ta mayar musu a ƙafa. Kusan duk lokacin da yarinya ta yi wannan a hankali sai a busa, a ce ta ajiye ƙwallon ne ba ta jefa ba, ko a ce ta saki a gaban fuska. Baba, akwai nisan da doka ta ƙayyade wa jifa? Kuma a ina ne daidai ya kamata ƙwallon ta bar hannu?

Tsohon Alƙalin Wasa, Birnin Kebbi:

'Yata, babu nisa a cikin doka, babu kuma ƙarfi. Jifan taku uku jifa ne. Abin da ake nema shi ne ƙwallon ta taso daga bayan kai, ta bi ta saman kai, a jefa ta a cikin motsi ɗaya. Littafi bai zana wani wuri a iska ya ce a nan za a saki ba, kuma a nan ne fassara ke shigowa da gaske, domin alƙalai biyu masu gaskiya suna iya saɓawa a kan jifa ɗaya. Ni yadda nake aunawa shi ne, idan ƙwallon ta faro daga saman goshi ba ta taɓa zuwa baya ba, laifi ne. Idan ta zo daga baya, aka tsaya cak da ita a gaban fuska, sannan aka tura ta ko aka sake ta ta faɗi, wannan ma laifi ne, domin an raba motsin biyu. Amma idan hannu ya taho a hankali ba tare da tsayawa ba, ƙwallon ta fita tana gangarowa zuwa ƙafar ta kusa, ban ga abin busawa ba. Ki ce musu su kai ƙwallon har ta kusa taɓa wuyansu ta baya, yadda alƙali zai gani da kyau, sannan su saki tun tana sama da goshi. Wannan zai rage musu usur ƙwarai.

Ki kuma sanar da su haƙƙinsu. Tun 2005 doka ta ce abokan hamayya su tsaya aƙalla mita 2 daga wurin jifa. Wadda ta matso ta tsaya a gaban mai jifa tana tsalle ko tana ɗaga hannu, katin gargaɗi ne, idan kuma an riga an jefa, a ba da bugun tazara. Wannan ma yana cikin abubuwan da ba mu cika hukuntawa ba a filayenmu, alhali yana rubuce. Haka nan idan ƙwallon ta zame ta bugi ƙasa a waje kafin ta shiga fili, ba a ƙwace jifan, ƙungiyar ce ke sakewa daga wurin. Na sha ganin an ƙwace wa yara jifa a kan wannan.

Malamin Motsa Jiki, Argungu:

Na saurari kowa, kuma na janye rabin maganata. Na yarda cewa bai dace a ƙwace ƙwallo a kan abin da doka ta halatta ba. Inda nake nan daram shi ne alƙalin yara malami ne ko ya so ko bai so ba. Idan ya ga jifan yaro yana kan gaɓa, ya matso ya ce masa, ɗana, ka kula da ƙafar bayanka, wasa ya ci gaba. Idan laifin na gaske ne ya busa, amma ya ɗauki daƙiƙa biyar ya nuna masa abin da ya yi. Wanda ya busa sau uku bai ce wa yaro komai ba, ko da yana da gaskiya, bai gama aikinsa ba.

Ga masu cewa a soke jifa gaba ɗaya a koma bugawa da ƙafa domin a huta da gardama, kamar yadda Arsene Wenger, tsohon kocin Arsenal, ya taɓa ba da shawara, ina tuna musu an gwada. A gasar 'yan ƙasa da shekara 17 ta duniya da aka yi a Japan a 1993, wadda Najeriya ta ɗauka bayan ta doke Ghana 2 da 1, da ƙafa aka riƙa mayar da ƙwallo daga gefe, kuma ba a ɗore da tsarin ba. Ni ma ba na goyon baya, domin kowane fita zai zama kamar bugun tazara, a yi ta lodin ƙwallo a gaban gola, yara su daina koyon ba da ƙwallo a ƙasa.

Magoyin Arsenal, Kalgo:

Malam, tunda ka ambaci 1993, Kanu yana cikin wannan tawagar, kuma shi ne a tsakiyar jifan da ya fi kowane jawo magana a tarihin ƙungiyarmu. A watan Fabrairu na 1999, a kofin FA, Sheffield United sun fitar da ƙwallo domin a duba ɗan wasansu da ya ji ciwo. Parlour na Arsenal ya jefa da nufin mayar musu, Kanu da ya shigo wasansa na farko bai fahimci abin da ke gudana ba, ya ɗauka ya ba Overmars ya ci. Alƙali bai da abin da zai soke, domin babu dokar da aka karya, mayar da ƙwallo al'ada ce kawai. Wenger ne ya nemi a sake wasan, aka sake, Arsenal ta sake ci 2 da 1. Na kawo wannan ne domin ya nuna alƙali ba ya hukunci da abin da jama'a suka saba, ko da filin duka yana ihu, sai da abin da ke rubuce.

Kocin Yara, Jega:

Na gode muku duka, musamman Baba da Mai Tuta. Yau da yamma na kira yaron bayan atisaye, na karanta masa sharuɗɗan kamar yadda Baba ya rubuto, na sa ya yi jifa goma ina tsugune ina kallon ƙafarsa. A tara yatsunsa suna ƙasa. A ɗaya, da ya so ya kai ta nesa, ƙafar ta tashi duka kafin ya saki, na nuna masa, ya gane da kansa. Saboda haka ba zan rantse cewa duka ukun na ranar Asabar kuskuren alƙali ne ba, biyun da na gani da kyau dai ina nan a kan bakana.

Baba, muna da wasan ramuwa da su nan da mako biyu a filinmu. Idan lafiya ta bari, ina roƙon ka zo ka yi wa yaran ɓangarorin biyu bayani na minti goma kafin a fara, alƙalin ma yana tsaye, domin kowa ya ji daga baki ɗaya. Ni zan ɗauki nauyin mota.

Tsohon Alƙalin Wasa, Birnin Kebbi:

In sha Allah zan zo, Jega ba nisa. Amma ka fara sanar da alƙalin da kanka tun kafin ranar, cikin mutunci, kada ya ga kamar an kawo ni ne a kunyata shi a gaban yara. Ka nemi farar ƙasa isasshiya a ja layin sau biyu, da safe da kuma lokacin hutu, sannan a ɗaura igiya taku uku a bayan layin gefe domin 'yan kallo su tsaya a bayanta, mai jifa ya sami wurin ja da baya. Ka turo mini lokacin da za a fara.